Agogon da Kawu Dalma Ya Saurara

Ni dai ban iya ɓoye fushi ba, kuma a makon nan kowa a ofishinmu ya ɗanɗana. Aikina rubuta direba, wato manhajar da ke sa na'urarmu ta yi magana da katin wayales ɗinta. A cikin katin akwai ɗan agogo mai ƙirga sau miliyan a daƙiƙa guda, da shi na'ura ke sanin lokacin aika saƙo. To shi ne ya haukace mana. Sai ya yi awa uku lafiya lau, can kuma ya ba ni lambar da ta riga ta wuce, sadarwa ta yanke ɗif.

Na bi layukan manhajata har idona ya yi ja, na ce ba daga gare ni ba ne. Da bakin nan nawa na faɗa a taro cewa laifin mai haɗa katin ne. Kawu Dalma ke nan, dattijon da ya shekara ashirin da biyu yana liƙa wayoyi a ɗakin ƙasa. Oga ya ce in ba a gano matsalar ba zuwa Juma'a, sai dai Kawu ya yi haƙuri, za a nemi wani.

Ranar Alhamis da hantsi na sauka wajensa, wai in ga ɓarnar da idona. Na tarar ya jona katin da tsohuwar lasifikar rediyo, ta wani ɗan allon lantarki da ya haɗa.

"Kawu, waƙa kake ji ana neman korarka?"

"Zauna, 'yata. Bugun agogon ne, na rage masa gudu yadda kunne zai kama."

Na kara kunne. Wani siririn sauti ne, miƙaƙƙe, ba gargada ko kaɗan. Wata biyar ina kallon abin nan a matsayin lambobi, ban taɓa kawowa a raina cewa ƙwayar da ba ta kai tsakuwa ba tana bugawa haka ba hutu. Muna cikin saurare sadarwa ta yanke a kwamfutata, amma sautin ko gezau.

"Kin ji? Bai yi tuntuɓe ba," in ji Kawu. "Ke ya kike karanta shi?"

"Kashi biyu. Rabin lambar na sama tukuna, sannan na ƙasa."

Ya nuna agogon bango da bakin sukundireba. "A ce ƙarfe ɗaya da minti hamsin da tara. Kin kalli awa, kin ga ɗaya. Kafin ki kalli minti, ƙarfe biyu ta yi, minti ya koma sifili. Ƙarfe nawa za ki ce?"

"Ɗaya daidai," na ce.

Tsakanin karatuna na farko da na biyu bai kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba. A wannan ɗan tsukin ne lokaci ke wuce ni. Na daɗe ina kallon katin, tsoro da mamaki suka cika ni. Layi uku na ƙara a manhajar: karanta sama, karanta ƙasa, sake duba sama, in ya canza a maimaita. Har aka tashi aiki lamba ba ta koma baya ba.

"Kawu, yaushe ka gane?"

"Tun Talata."

"Shi ne ka yi shiru?"

Ya ci gaba da naɗe wayarsa. "Kina watannin gwajin aiki, da na faɗa ke za a kora. Na ce bari dai ki sauko da ƙafarki. In ba ki sauko ba, ni na ci zamanina."

Kunya ta rufe ni. Na ɗauki kwamfutata na hau sama. Oga ya riga ya rataya jaka yana kulle ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a buɗe," na ce. "An gano mai laifin, ga ta tsaye."