Salansar Motar Baba

Motar Baba ta girmi duk 'ya'yansa. Koriya ce mai dogon gaba, kuma tun da ya saye ta bai taɓa barin wani ya gyara masa ita ba. Da salansarta ta huje, ta fara ruri kamar janareto, sai ya sa aka nemo masa sabuwa ya ajiye a gareji. Amma ciwon baya ya hana shi kwanciya a ƙarƙashinta. Sati uku yana zagaya motar yana tsaki.

Ran nan babbar 'yarsa ta zo gaishe su. Likitar haƙori ce, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Likita.

"Baba, ku bari in kira makanike mana."

"Ya taɓa mini ita? Allah ya sawwaƙe."

"To ni in taɓa?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Je ki karɓi tsohon wandona wurin Mamanku."

Suka ɗaga motar da jak, suka tokare ta da katako. Likita ta shimfiɗa kwali ta shige ƙarƙashi, Baba ya jawo kujera yana haska mata tocila, yana miƙa sifana. Noti biyu suka kwance lafiya lau. Na uku tsatsa ta cinye shi.

"Baba, wannan ko motsi ba ya yi."

"Zuba masa mai ki bar shi ya sha. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Yau kuma kai ne mai wa'azin haƙuri?" in ji Mama daga bakin ƙofa.

Likita ta jira. Ta ɗan bubbuga shi da guduma, ta murɗa dama, ta murɗa hagu, kamar yadda take yi wa turmin haƙorin da ya ƙi fita. Can sai ya yi ƙara ya saki. Tsohuwar salansar ta faɗo, garin tsatsa ya baɗe mata fuska. Ta fito tana tofar da shi tana dariya.

Baba ya ɗauki ƙarfen yana jujjuyawa. "Da wannan na kai Mamanku asibiti ranar da aka haife ki."

"Kai dai! Wannan ta uku ce," in ji Mama. "Waccan a hanyar asibitin ta faɗi."

Sabuwar ta ba su ɗan wahala, don robobin da ke rataye ta sun ƙi shiga sai da aka goga musu sabulu. Da Baba ya tayar da inji, ya sa Likita ta kai hannu kusa da mahaɗar. Ta ji iska tana fita kaɗan, ta ƙara ɗaure notin. Ƙarar ta kwanta, sai wani gurnani mai taushi.

Baba ya daɗe yana saurare, sannan ya fito ya bar ƙofar a buɗe.

"Wanke hannu ki zagaya da mu."

Da suka sauke motar daga kan jak, Mama ta riga shi shiga gaba, dole ya zauna a baya, inda bai taɓa zama ba. Suna fita layi a hankali ya ɗaga kai, ya ga ƙyallen rufin ya yage ta gefe.

"Likita," ya ce, "kin iya ɗinki kuwa?"