Tanderun Bohor

Duk shekara, ranar jajibirin Pesah, Bohor yakan sayar da sana'arsa kaf, ya hau gida ya yi wanka. Dokar idin Yahudawa ce: har ya wuce, mutum ba zai ci abin da aka kwaɓa da fulawa ya tashi ba, ba zai ajiye shi ba, ba zai ma zama mai shi ba. Matan unguwar Karatash a Izmir sukan share ɗakuna har ƙarƙashin gado, su ƙone ɗan ɓurɓushin da suka tsinta. Amma mai tanderu ba ya cinna wa buhunan fulawarsa wuta don tsoron Allah. Sai ya samu wanda ba Bayahude ba ya sayar masa da lira guda, a kulle shago, idan idi ya wuce ya mayar da lirar ya karɓi abinsa. Malamai sun yarda da wannan, da sharaɗin cinikin ya zama na gaske.

Bohor boyoz yake yi, ɗan curin fulawa da man riɗi mai ɓawo-ɓawo, wanda rabin Izmir ke karyawa da shi da dafaffen ƙwai. Wanda yake sayar wa shagon kuwa kullum Hulusi ne, mai itace da gawayi, wanda rumfarsa ke jingine da bangon tanderun tun suna samari. A ƙofar Nuri mai aski ake cinikin, don a samu shaida, kuma don Bohor yana son 'yan kallo.

A shekarar da nake faɗa, Pesah ya faɗo a tsakiyar Ramadan. Hulusi ya zo da baki a bushe, hannu baƙi ƙirin.

"Hulusi Bey," in ji Bohor, yana ja wa kalmar wutsiya, don masu gidan sama ake ce wa Bey. "Zo ka zama attajiri. Amma goge hannunka tukuna, mabuɗin nan bai saba ba."

Masu jiran aski suka yi dariya, irin wadda suke yi duk shekara a daidai wannan wurin. Hulusi ya goge hannu a wando, ya miƙa lira.

"Fulawa, mai, riɗi, tsohon kwaɓi, da wurin da suke ciki," in ji Bohor. "Na sayar."

"Ciniki na gaske, Usta?" in ji Hulusi, don haka ake kiran gwanin sana'a.

Tambayar tana cikin al'ada. Mahaifin Bohor ne ya koya wa mahaifin Hulusi ita.

"Na gaske, har ga Allah."

"Na saya."

"Na shaida," in ji Nuri, aska a hannu. "Allah ya ba ka haƙurin talauci, Usta."

Bohor ya hau matakalar unguwa yana fito.

Matarsa Estreya ce ta fara ganin hayaƙin, ana cikin idi. Ta tsaya a taga da tsumman goge kwano, ta ce masa ya zo ya ga wani abu. Bututun tanderunsa ne ke fitar da hayaƙi, kuma iskar teku tana hauro da ƙamshin riɗi da habbatus sauda. Duk wanda ya taɓa zama a garin ya san wannan ƙamshin: pide ne, gurasar azumi, wadda mutane ke yi wa layi tun la'asar don su kai gida da zafinta.

Ya sauka da kayan idi a jikinsa. Layi ya kai har masallaci. A bakin tanderu surukin Hulusi ne, Remzi, wanda ya koyi gashin burodi a soja, yana zura dogon katako mai faɗin baki yana fito da gurasa. Bohor ya tsaya a ɗaya gefen titi, don ko ƙofar bai kamata ya taka ba.

"Barka da idi, Usta," Hulusi ya ɗaga murya ta kan mutane. "Ka ci abinci? Af, na manta, a makon nan katako kuke tauna."

"Wa ya ce ka kunna wutar nan?"

"Mai fulawar."

Bohor ya buɗe baki, ya ga Yahudawa biyu sun tsaya a kwanar titi suna kallo, ya rufe.

Ya wuce gidan Haham Sabetay, malamin majami'arsu. Ya same shi yana jiƙa busasshiyar gurasar idi a ruwa, don haƙoransa sun riga shi tafiya. Ya saurara har ƙarshe bai daina jiƙawa ba.

"Ka sayar ko ba ka sayar ba?"

"Haham, ka san yadda ake yi."

"Na san yadda ake yi. Na sha ce maka ka kawo cinikinka ta hannun majami'a, a ƙulla shi yadda mai saye ba zai so riƙewa ba. Ka ce yadda mahaifinka ya yi ya ishe ka. To, in ka sayar, mutum yana gasa fulawarsa ne, ina ruwanka. In kuma wasa kuke yi, fulawar taka ce, ka riƙe ta a cikin Pesah, ta haramta gare ka har abada. Ba ci, ba sayarwa, ko kaza ba za ka ba. Haka ta bara, da ta bara waccan, da duk wadda ka ciyar da mutanena." Ya kai lomar baki. "Zaɓi wadda ta fi maka sauƙi."

A gida Estreya ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ɓata masa rai ke nan.

"Zai dawo da shi," in ji Bohor. "Kwaɗayin azumi ne. Tare muka tashi."

"Tare kuka tashi, shi ya sa. Duk Babbar Sallah matarsa takan aiko da cinyar rago, kai kuma ka jefa wa kyanwa."

"Ba yankanmu ba ne. Ya sani."

"Ya sani. Ai da ka bari ya juya baya tukuna."

Sauran kwanakin ya yi su a taga. Yana iya gane buhu nawa aka farke daga yawan hayaƙi. Da rana unguwa shiru, Musulmi na lallaɓa yunwa, Yahudawa na lallaɓa cikin da busasshiyar gurasa ta ƙulle, kowa na ganin na ɗan'uwansa ya fi sauƙi.

Ranar ƙarshe, igwar shan ruwa ta tashi daga kan tudu, aka ji cokula a kowane gida. Bohor bai motsa ba sai da taurari suka fito, don kafin nan idi bai fita ba, ba ya taɓa kuɗi. Sannan ya ɗauki lirar daga kan kanta ya sauka.

An jera kujeru a ƙofar tanderu, maza sun sha ruwa suna kurɓar shayi. Akwai kuma wani sabon layi, na Yahudawan unguwa, waɗanda suka sauko sayen burodin farko bayan idi, kamar yadda aka saba saye a hannun Musulmi. Haham Sabetay na cikinsu, da sanda. Hulusi na zaune da farar riga, an yi masa aski, farcensa fes.

"Na zo karɓar kayana," in ji Bohor.

"Kayan wa?"

"Kayanka. Na zo saye."

Ya miƙa lirar. Hulusi ya dube ta kamar an nuna masa wani ƙwaro.

"Ba na sayarwa, Usta."

"Hayar wurin da sunana take."

"A da ke nan. Na je wurin mai gidan, na gaishe ta da azumi. Ta ce ita tanderun da ke hutu duk Asabar da duk idi ya ishe ta."

Shayi ya tsaya a hannun mutane. Nuri mai aski ya tashi, ransa a ɓace, don shi mutum ne mai son a zauna lafiya, musamman in an ƙoshi.

"Hulusi, ka ji kunya, goman ƙarshe muke ciki. Kowa a nan ya san yadda abin yake." Ya juya ga Bohor. "Usta, ni ne shaida. Ka faɗa da bakinka cewa wasa ne kuke yi duk shekara, ba ciniki ba. Wallahi yanzun nan mu ƙwace mabuɗin mu ba ka, ita ma mai gidan mu je mata gaba ɗaya."

Da gaske yake. Wasu har sun ajiye kofuna. Bohor ya dubi bakin tanderun, inda mahaifinsa ya ƙona masa hannu da gangan yana yaro don ya san zafin wuta. Ya dubi layin mutanensa, waɗanda suka ci boyoz ɗinsa bayan kowane Pesah, suka ba 'ya'yansu. Ba wanda ya sunkuyar da kai. Haham ya jingina haɓa a kan sanda yana jira, kamar mai jiran a gama karatu ya gyara kuskure.

"Ciniki ne," in ji Bohor.

"Usta, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ciniki ne na gaske. Na sayar, ya saya."

Nuri ya zauna. Aka ɗauki kofuna. A cikin layi wata tsohuwa ta ce Allah ya yi masa albarka, sannan ta tambayi Remzi ko akwai mai ƙwai a sama.

"Kun ga mutumin kirki," in ji Hulusi ga jama'a. "Ni dama ban taɓa shakkar addininsa ba." Ya gyara zama. "Usta, Remzi bai iya boyoz ba, hannunsa na soja ne. Bayan Sallah mutane za su nema. Ka zo ka riƙa yi mana, ba zan cuce ka a lada ba. Sai dai mu ko Asabar da addininku ya hana aiki muna buɗewa, ita ce ranar ciniki. Ka yi shawara da Madam."

Ya sa aka naɗe pide biyu masu zafi a takarda, ya tashi da kansa ya ɗora wa Bohor a hannu.

"Kyauta ce. Kar ka ba kyanwa, wannan ba yanka a ciki."

Matakalar ta yi masa tsawo. Estreya ta buɗe ƙofa, ta dubi gurasar, ta dubi lirar da ke damƙe a ɗaya hannun. Ta kawo zaitun da cuku. Suka zauna. Ya yi niyyar kada ya ci, amma ya kwana biyu bai ga burodi ba, kuma fulawar mai kyau ce, shi ya zaɓe ta. Ya gutsura, ya juya ƙasan gurasar ya duba.

"Ya ƙona gefe," ya ce. "Hagun tanderun ya fi zafi, sai ana juyawa. Zan nuna masa bayan Sallah."

"Asabar fa?"

Bohor ya ci gaba da tauna.