Takwaran Baba Kafinta

Salamu alaikum mutanena, masu bibiyata na kusa da na nesa, har da ku masu karantawa a ɓoye ba ku taɓa cewa uffan ba, ina sane da ku. Ku gyara zama. Yau labarin wani kafinta na kawo muku, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana cin abinci kwano ɗaya da mutum, bai san sunansa ba.

Ƙusa ake ce masa, saboda yadda Allah ya yi shi: dogo, siriri, ga faffaɗan kai a sama. Yana ɗan shekara sha biyar ubansa ya rasu, uwarsa ta riƙo hannunsa ta kai shi shagon wani dattijo da kowa ke kira Baba Kafinta. Shi dattijon nan bai taɓa haihuwa ba, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Shi ya koya wa Ƙusa riƙon zarto, shi ya koya masa ya auna sau biyu kafin ya yanka, shi ya tsaya masa a wurin aure, har gadon amarya da hannunsa ya haɗa.

Ranar wata Talata matar Ƙusa ta sauka, namiji. Gogan naku ya taho daga asibiti baki har kunne. Ya tsaya a ƙofar shago, ga mai walda, ga mai sayar da fenti, ga mutum uku suna jiran kujerunsu, ya ɗaga murya:

"Jama'a ku shaida! Sunan Baba zan sa wa yaron nan!"

Wuri ya ɗauki ma sha Allah. Baba Kafinta yana tsakiyar buga ƙafar teburi, guduma ta kuskure ta sauka a kan babban yatsansa. Ƙusa bai taɓa ganin haka ba tun da yake shagon. Dattijo ya sa yatsan a baki, ya ce, "Allah ya raya," ya shige ciki. Ƙusa ya kalli mai walda ya kashe ido. "Ka gani? Daɗi ne ya ruɗa shi."

Sai da ya koma gida aka tsinke masa igiya. Maijego tana kishingiɗe da jariri a gefenta, ya ba ta labari yana ta fankama. Ta ce, "Kai, ka kyauta wallahi. To yaya sunan nasa?"

"Na wa?"

"Na Baba mana."

Ƙusa ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. "Ai... Baba."

"Au, Liman zai miƙe gaban mutane ya ce sunan yaro Baba Kafinta? Ɗan nawa?" Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki tana cewa wayyo. "Maigida, shekara nawa kana shagon nan?"

"Ke bari. A kan harshena yake."

Ba ya kan harshensa, jama'a. Ba ya ko'ina a jikinsa. Kuma ku duba inda ya sa kansa: da wane baki zai je ya ce wa mutumin da ya raine shi, Baba, na yi shela zan sa sunanka, amma don Allah wane ne kai? Gara ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ya shiga bincike ta bayan gida. Ya ɗaga kai ya karanta allon shago kamar yau ya fara ganinsa: Haɗawa da Gyaran Kayan Katako. Shi ke nan. Ya raɓa wajen mai walda, ya yi ta kewaye-kewaye, mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce, "Ni ma a Baba na same shi." Mai fenti ya yi dogon tunani ya ce, "Ina jin fa Malam ne."

"Malam suna ne?"

"To ni haka nake ce masa, kuma yana amsawa."

Har Limamin masallacin layinsu ya taɓa. Liman ya shafa gemu ya ce shekara ashirin dattijon yana sahun farko a damansa, amma bai taɓa jin wani ya kira shi da sunan yanka ba.

Kwana ya yi ta tafiya. Maijego kullum sai ta ɗaga jariri ta ce, "Sannu Wane, babanka yana nan yana nemo maka suna a kasuwa." Shi kuma Baba Kafinta ya daina hira. Ya ja kujera can ƙuryar shago, ya juya baya, yana haɗa wani abu shi kaɗai. In Ƙusa ya ɗauko zancen ranar suna sai ya aike shi sayo gam.

Saura kwana biyu, dattijo ya fita duba katako. Ƙusa ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya jawo durowar da ba a taɓawa. Tsofaffin makullai, tabarau mai ƙafa ɗaya, hoton marigayiya, sai wani katin asibitin ido da ya sha ninki. Ya buɗe. Ga suna nan ɓaro-ɓaro.

Kar ku miƙo wuya, ba zan faɗa muku ba, amana ce. Amma ku yarda da ni, sunan yana da daɗi a baki. Larabci ne tsantsa, yana gangarowa kamar ruwa. Ƙusa ya maimaita shi sau uku, ya kira maijego a waya ya ce, "Ke, an samu! Sunan manya ne, duk layin nan ba mai irinsa." Ana idar da azahar ya tare Liman yana washe baki, ya raɗa masa.

Liman bai yi murmushi ba. Ya kama hannunsa ya ja shi bayan masallaci, wajen randunan alwala. "Wa ya ba ka wannan?"

"Sunan Baba ne. Ba a Alƙur'ani yake ba? Kamar na taɓa jin ka karanta shi."

"Yana ciki. Ai Fir'auna ma yana ciki, za ka sa?" Liman ya sassauta murya. "Ɗana, wannan kalma siffar wanda aka kora ce, wulaƙantacce, wanda aka nisanta daga rahama. Ba duk kalmar da ke cikin Littafi ce ake kiran ɗa da ita ba. Suna haƙƙin yaro ne a wuyanka, da shi za a kira shi duniya da lahira. Ga sunayen annabawa, ga na sahabbai, ga waɗanda ke cewa mutum bawan Allah ne. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har manya masu gemu ya canza wa suna in ya ji ma'anar ba kyau. Ni dai ba zan raɗa wa jariri wannan ba."

Ƙusa ya zauna a bakin randa. In ya sa sunan, ya ɗora wa ɗansa kaya har kabari. In ya sa wani daban, duk layi sun ji alkawarinsa, za a ce ya ga dattijo ba shi da kowa ya yi masa wasa da hankali. Sai yanzu ya gane ba daɗi ne ya sa guduma ta kuskure ba.

Da la'asar ya koma shago. Baba Kafinta ya dawo, yana ƙuryarsa yana goge gefen katako. Ƙusa ya matsa, a karon farko ya ga abin da ake ta haɗawa: ɗan gadon jariri ne, an zagaye kowace kusurwa sumul don kar ta ji wa yaro ciwo. Ya durƙusa.

"Baba, na yi laifi."

"Ka buɗe min durowa. Na ga tabarau ya koma hagu."

"Na buɗe."

"Ɓarawo," in ji dattijo, amma a hankali, kamar mai sa albarka. Ya hure garin katako daga kan gadon. "Ka kai wa Liman?"

"Na kai."

Baba Kafinta ya ajiye abin hannunsa ya zauna a benci.

"Ubana ɗan dako ne, bai san alif ba. Ranar da aka haife ni ya je asuba, limami ya ja wata sura, murya ta yi masa daɗi har ya yi kuka. Sai ya cafke kalma ɗaya daga ciki. Daga masallaci har gida yana maimaita ta a baki, wai kar ta zube a hanya. Wanda ya raɗa min ma bai fi shi karatu ba. Ina da shekara sha tara wani ɗalibi ya fassara min ita a gaban abokaina. Suka yi wata guda suna dariya. Na bar garin. Tun daga ranar ban ƙara furta shi ba sai a gaban likita."

"To me ya hana ka canzawa, Baba? Liman ya ce ana yi."

"Na sani." Ya kalli tafin hannunsa. "Bai bar min gida ba, bai bar min gona ba. Abin da ya bar min ke nan. Sai nake ganin in na ajiye shi, kamar na tsaya a kan kabarinsa na ce masa jahili."

Dattijo ya ci gaba.

"Kar ka sa wa yaron nan. Ka gaya wa mutane ni na hana. In kana son faranta min, akwai wani suna. Ni da marigayiya muka zaɓe shi tun muna amare, muka ajiye wa ɗan fari. Shekara talatin yana ajiye, mai shi bai zo ba. Abdulwadud. Bawan Mai ƙaunar bayinsa. Ita ta je ta tambayo ma'anar wajen malamai uku, saboda ta san ciwona."

Ƙusa ya goge ido da gefen riga, ya ja hanci. Sai kuma halin ya motsa.

"Baba, ni fa gaban mai walda na yi alkawari. Ka san bakinsa, har jikokina sai sun ji. Sunanka na ce zan sa, kuma sunanka zan sa."

"Kai yaron nan, kurma ne kai?"

"Tsaya ka ji. Sai jibi za a raɗa masa. Kai ka riga shi. Ka ɗauki sunan gobe, jibi shi kuma ya karɓa daga hannunka. Ka ga ban yi ƙarya ba." Ya matso ya dafa gwiwar dattijo. "Kuma shi kakan nan namu, mahaifinka, da ya taho da kalma a baki tun daga masallaci, me yake nema maka? Mafi kyawun suna yake nema. Hanya ce ta ɓace masa. Kai ƙarasa masa aiken za ka yi."

Baba Kafinta ya miƙe ya ɗauki ƙafar gadon ta ƙarshe ya ce, "Riƙe min nan, kuma kar ka karkata." Suka ƙarasa aikin tare.

Washegari bayan la'asar, mutane na ta neman takalma, dattijo ya kamo hannun rigar Liman. Ya waiwayo ya yafito Ƙusa. Su uku suka zauna a ƙuryar masallaci. Kafin komai dattijo ya ce a fara yi wa ubansa addu'a, aka yi mai tsawo, yana ta cewa amin. Sannan ya faɗi sabon sunansa da bakinsa. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya sake daga farko har ya fito cikakke.

Ranar suna da safe tsakar gidan Ƙusa ya cika. Liman ya yi addu'a ya ce, "Sunan yaro Abdulwadud, takwaran Baba." Mai walda ya yi tsalle daga kan tabarma.

"Ashe sunanka ke nan, Baba! Suna mai daɗi haka kake ɓoye mana shekara da shekaru? Wannan ai rowa ce!"

"Sunana ke nan," in ji dattijo, yana kallon ƙasa.

Da mutane suka ragu, aka shigar da shi ɗaki ya ga takwara. Aka ɗora masa jariri a cinya. Hannun da ke ɗaga katako kamar kara, yau ya rasa yadda zai riƙe abin da bai kai nauyin guduma biyu ba. Maijego, wadda mijinta ya gaya mata komai, ta leƙo daga bakin gado tana wasa da ƙafar yaron, ta ce, "Abdulwadud."

Jariri yana ta barcinsa. Dattijo ya ɗan jima, sannan ya ɗago ya ce, "Na'am, 'yata."

To mutanena, ga ku ga akwatin sharhi. Da ku ne a kan bencin nan, za ku iya ajiye sunan da mahaifi ya ɗauko muku da kuka da ƙauna, ko za ku riƙe abinku a ɓoye har ƙarshe? Ni dai na yi ta juya abin ban samu matsaya ba. Ku gaya min, har da ku masu karatun ɓoye.