Dambun Gwaggo Dije

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bai fita daga raina ba.

Na tsinci kaina a layin asibiti, amma babu mutum ko ɗaya a layin, duk abinci ne. Ƙosai na gaba, wake na bayansa, yaji kuwa ya tsallake kowa, wai shi ɗan gida ne. Dukansu cikina suke son shiga. Wata zabuwa mai tabarau ce ke tsaron ƙofa. Ta duba takardar da likita ya rubuta mini tun da aka gano kumburin hanjin nan, ta shigar da kunun shinkafa da dafaffen kifi da ayaba. Sauran ta ce su dawo in ciwo ya lafa. Na ji sanyi a raina.

Sai ga ni a tsakar gidan Gwaggo Dije, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. An shanya hanjina a igiya tsakanin zannuwanta, ja wur, yana ɗigar jini, ɗigon kuma sama yake tafiya. Na yi ta jan zani ina rufe shi. Wata huɗu ke nan ina ɓoye mata, don ban san da wane baki zan ce wa matar da ta goya ni ina zawo da jini ba.

Ta dire langa a gabana. Dambu ne, ya sha zogale da mai da barkono. Ta ce na rame kamar tsinke, da gani matata ba ta kula da ni.

Zabuwar ta leƙo daga cikin randa ta ce, "In ka ci, gado mai lamba tara na jiranka."

Gwaggo ta ce, "In ba ka ci ba, na san hannuna ya tsufa."

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai cokali ya faɗo maimakon magana. Na sake gwadawa, wani cokalin ya faɗo. Gwaggo na tsince su tana miƙo mini. Tsoro ya kama ni sosai. Daga kan igiya hanjina ya yi gyaran murya, ya roƙe ni cikin ladabi in tausaya masa, wai shi ma maraya ne.

Ƙarar murfin langa ce ta tashe ni. Gari ya waye. Gwaggo na falo tana ce wa matata ta taso ni, tun asuba take turara dambun nan, kada ya huce.