Ƙarfen Gadon Mama

Da rana tsaka aka kashe ƙanena Lamont, a bakin danjar da ke gaban gidan wankin mota a Opa-locka. Samari biyu suka diro daga wata baƙar mota, ɗaya ya fasa gilashi da gindin bindiga, ɗayan ya kama wuyan rigarsa yana jan sa ta taga. Lamont ya ƙanƙame sitiyari ya ƙi saki, sai suka harbe shi a wuya da ƙirji. Suka yar da shi a kan kwalta, suka tafi da motar. Wurin cike yake da mutane, amma da 'yan sanda suka zo, kowa ya ce shi sararin sama yake kallo a lokacin. Na san tsoro ne ya rufe musu baki. Duk da haka na tsine musu a zuciyata, kuma har yau ban janye ba.

Motar tsohuwar Caprice ce ƙirar shekarar saba'in da uku, irin wadda muke kira donk, an ɗaga ta a kan manyan wili har sai mace ta tattare siket kafin ta hau. Fentinta ruwan lemo. Lamont mai walda ne, da hannunsa ya ɗaga ta. Da ya zo ɗaure ƙasanta ya rasa ƙarfen da zai gitta, sai ya shiga ɗakin ajiya ya yanko kan gadon ƙarfen mahaifiyarmu, wanda ta rasu a kansa, mai furanni uku na zubi a tsakiya. Na zage shi tas a kan haka. Duk unguwa ta san labarin, in ya wuce sai a riƙa yi masa ihu, "Lamont, tuƙa a hankali, kar ka tashi Mama Gadsden daga barci!"

Mu uku Mama ta bari. Ni Earline ce babba, sai Lamont, sai Odell auta. Bayan mun binne Lamont, na tsaya a bakin kabari na yi wa Ubangiji alkawari ɗaya, cewa ba zan sake tsayawa a nan saboda ƙane ba.

Odell bai taɓa ba ni tsoro ba, domin ko kaza ba ya iya kora. Ya haura talatin, ƙato da shi, amma in ya dawo daga aiki ɗaki yake shigewa ya zauna gaban fitila da hantsaki da gam, yana haɗa 'yan motocin roba da ake sayarwa a kwali. Sai dai shi ba ya bin takardar da ke cikin kwalin. Mota ta gaske yake dubawa ya kwaikwaya. Zai yanke ƙasan robar ya ɗaga ta da wayar tagulla, ya yi igiyar birki da zaren kamun kifi, ya goge jiki da samfefa har yatsunsa su yi fari. In kujerar direba ta yage, sai ya yaga tasa da allura. Kuma duk wanda ya kawo masa mota don ya haɗa masa ƙaramarta, sai Odell ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashinta da waya yana ɗaukar hoto, domin a wurin gasar motoci ta unguwa a kan madubi ake ɗora kowace 'yar mota, alƙalai su ga ƙasanta. Cewa yake wanda ya yi ƙarya a ƙasa bai gina komai ba.

Rani na biyu bayan rasuwar Lamont, Purnell ya faka a ƙofar gidanmu. Purnell shi ke da filin jan motoci a bayan layin dogo, kuma ba wanda bai san irin yaran da yake kiwo ba. Da idona na ga abin da suka yi wa wani bawan Allah a wurin suyar kifi, don kawai ya jingina da motar ubangidansu yana cin abinci. Suka buɗe but ɗin motar, suka sa hannunsa a baki, suka rufe da ƙarfi sau biyu. Purnell yana tsaye yana tsotsar ƙayar kifi.

Ranar da ya faka a ƙofarmu, da donk koriya shar ya zo, tana walƙiya.

"Anti Earline, ina wuni? Ina ƙaton nan mai wasan yara?"

"Yana ciki. Lafiya?"

"Lafiya lau. So nake ya yi mini 'yar wannan, kamar ita ta haife ta. Zan ajiye su gefe da gefe ranar gasa, maƙiya su mutu da baƙin ciki."

Odell ya fito, ya zagaye motar, ya auna nan ya auna can, sannan ya kwanta ya shige ƙasa. Ina baranda ina ɓare jatan lande. Ƙafafunsa kawai nake gani, sai na ga sun daina motsi. Ya daɗe a haka har Purnell ya shuri tafin takalminsa.

"Kai, barci kake yi ko aure za ka ɗaura da ita?"

Ya fito, fuskarsa kamar an yayyafa mata toka. Ya ce zai yi. Sai da ƙarar motar ta ɓace ya hau barandar ya tsuguna a gabana.

"Yaya, ƙarfen Mama na nan."

"Wane ƙarfe?"

"Kan gadon. Sun shafa masa baƙin fenti, amma furannin uku suna nan. Waldar Lamont ce, ta bahago, daga dama zuwa hagu. Motarsa ce, Yaya. Fenti kawai suka canja da lamba."

Kwanon ya zame daga cinyata. Na ji kamar in ɗauki wuƙar da ke hannuna in bi Purnell da gudu har filinsa. Amma abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Ba ka ga komai ba."

"Na gani."

"Na ce ba ka gani ba! Ka yi masa 'yar motarsa, ka shafe ƙasan sumul, ka miƙa masa, mu zauna lafiya."

"Ni ba na ƙarya a ƙasa."

"Don ubanka, roba ce! Roba da gam! Na binne ɗaya, so kake in binne biyu?"

Ya miƙe ya shige ciki. Odell ba ya musu, kuma wannan ya fi gardama ciwo. Ya kai hotunan ofishin 'yan sanda, aka ce za a duba, aka ba shi ruwan sanyi a kofin takarda. Da ya ga shiru, sai ya sayo kwali ya rufe ƙofar ɗakinsa.

Ta tagar baya nake leƙensa. Na ga ya yanke ƙasan motar ya sake gina shi da tagulla. Na ga ya fesa koren fenti shafi bayan shafi, yana jira kowane ya bushe, yana gogewa da tsumman tsohuwar singileti. Sannan na ga ya narka dalma, ya ɗiga ɗigo uku a kan waya, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya sa gilashin ƙara gani a ido yana sassaƙa musu ganye da bakin allura. Furannin Mama ne sak, har da wanda gefensa ya ɓantare ranar da muka yi ƙaura. Na tsaya a bayan taga ina kuka, ina kuma zaginsa.

Na yi niyyar fasa ta, ba zan ɓoye ba. Ya riga ya san halina, sai ya riƙa sa ta a akwatin takalmi yana tafiya da ita wurin aiki. Na haɗa shi da fasto, na haɗa shi da kabarin Mama, na daina dafa masa abinci. Ya koma cin burodi da man gyaɗa a ɗaki, bai fasa ba.

Ranar Asabar ɗin gasa rana ta buɗe sosai. Manyan motoci sun jeru a kan ciyawar filin, kiɗa na girgiza ƙirji, hayaƙin gasasshen haƙarƙari ya cika ko'ina. Ƙananan kuma suna cikin rumfa a kan tebura, kowace a kan madubinta. A rumfar nan doka ɗaya ce, ba a taɓa motar wani. Manyan ƙarti masu zanen jarfa a wuya za ka gani sun goya hannu a baya suna sunkuyawa kamar 'yan makaranta. Na bi Odell ne don ba ni da yadda zan yi. Ya ajiye koriyar a kan madubi, ya gyara mata tsayuwa da hantsaki, ya ja da baya.

Tsoho Cleon, babban alƙalin gasar, ya zo da 'yar tocilarsa. Ya yaba fentin, ya yaba kujerun, sannan ya haska madubin. Sai ya miƙe a hankali ya kashe tocilar, ya juya zuwa mota ta gaba. Da a nan abin ya tsaya, da an tsira. Amma akwai wani Dewey mai aski, wanda bakinsa ke riga hankalinsa tashi daga barci. Ya leƙa ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai jama'a! Wannan ba gadon Mama Gadsden ba ne? Me ya kawo shi ƙarƙashin motar Pur..."

Bai ƙarasa ba. Dariyar ta mutu a rumfar gaba ɗaya. Kowa ya juya yana kallon babbar koriyar da ke waje, wadda tsayinta ya sa ko durƙusawa sosai ba sai mutum ya yi ba kafin ya ga ƙasanta.

Purnell ya shigo da yaransa biyu. Ya sunkuya, hannunsa a baya kamar kowa, ya daɗe yana kallon madubin. Da ya ɗago murmushi yake yi.

"Odell, ɗan'uwana, wannan wace irin kwalliya ce ka ƙara mini?"

"Ban ƙara komai ba. Abin da na gani na yi." Ya ɗaga muryarsa yadda kowa zai ji. "In ƙarya nake, ga motar can. Kowa ya je ya leƙa."

Ba wanda ya motsa. Na ga yaron da ke hagun Purnell ya ɗage gefen rigarsa, yatsunsa sun sauka a kan bindigar da ke ƙugunsa. Na ga mata sun fara jan 'ya'yansu baya. Su waɗannan mutanen ne dai suka kalli sama ranar Lamont, kuma na ga idanunsu sun fara neman saman rumfa.

Kujerar ƙarfe mai naɗewa ce kusa da ni. Na ɗauke ta da hannu biyu na maka wa Odell a gadon baya.

Ya faɗi kan tebur, motocin mutane suka tarwatse. Na sake maka masa a kafaɗa. Ya juyo yana kallona, baki buɗe, jini na zuba daga girarsa.

"Mahaukaci! Ɗan iska mara kunya! Ka kunyata mu a gida, yanzu ka zo nan?" Ihu nake yi har maƙogwarona na tsagewa. "Gadon Mama ni na sayar wa mai gwangwan da hannuna! Tun da Lamont ya mutu kansa ya taɓu, kowace mota ya gani sai ya liƙa mata furanni!"

Ya miƙa hannun dama ya rufe 'yar motar. Na ga hannun sarai. Na saukar da gefen kujerar a kansa da duk ƙarfina, na ji ƙarar ƙashi tare da ta roba. Odell ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ya zube ƙasa ya dunƙule. Na share ragowar motar zuwa ƙasa na bi ta da dunduniya.

Purnell ya ce, "Anti, kin tabbata kuwa? Kar a ce na cuci marayu."

"Ni ce babba. Na fi kowa sanin gadon uwata."

Ya nuna ƙasa da bakin takalminsa. Wayar tagullar ce, ta lanƙwashe, furannin uku suna nan a jikinta.

"Kin bar saura."

Na taka su, na murje su a cikin ƙasa har sai da ba a gane komai. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗar yaron nasa, yaron ya sauke riga.

"Ku kai shi asibiti," in ji shi. "Kuma ku nema masa maganin kai."

Yatsu uku suka karye, biyu ba su sake lanƙwasawa ba. Likita ya ce zai iya riƙe cokali, amma ya manta da aikin allura. Da aka bar ni na shiga, na same shi kwance, hannun a naɗe an rataye shi sama, ido ɗaya a kumbure.

"Yaya, kin san ƙarfen ne."

"Na sani."

"A gaban kowa kika ce ba shi ba ne."

"Na ce. Gobe ma in aka maimaita, haka zan ce."

Ya juya fuskarsa bango. "Fita."

Daga asibiti bai dawo gida ba, ya kama ɗaki a bayan cocinmu. In ya hango ni a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Purnell kuwa har yanzu yana wucewa ta layinmu da koriyar, ya danna hon ya ɗaga mini hannu, ni ma in ɗaga masa, in shiga ciki in yi amai.

Duk Lahadi nakan dafa kaza da ganye da burodin masara, in rufe a kwano in ajiye a ƙofar Odell. Washegari in na buɗe tawa ƙofar sai in tarar da kwanon a kan matakala, ko murfin ba a ɗaga ba. Maƙwabciyata tana cewa in daina wahalar da kaina. Ba ta gane ba. Ina ɗaukar kwanon nan da farin ciki, domin matacce ba ya dawo da kwano.