Manjagarar Kawu Hazim

Mu huɗu Dakta Vildana ta kwaso daga jami'a, aikin sa kai, ladanmu gurasar pita mai sanyi da mura. Ni ta ɗauke ni ne don rafin na ƙauyenmu ne. Wani kamfani na so ya datse shi ya yi lantarki, kuma abu ɗaya ne zai hana: a nuna cewa pastrmka, kifin nan namu mai ɗigo-ɗigo da ya kusa ƙarewa, har yanzu yana zuba ƙwai a ciki.

Kwana uku muna kutsawa cikin ruwan Maris mai sanyin ƙanƙara, ƙafafu kamar ba namu ba. Ran Asabar muka sami gurbin ƙwai ɗaya tak, a ƙasan gadar katako. Dakta ta hana mu ko taka gefensa.

Da la'asar, wajen shan gahawa, bakina ya ja mini. Kawu Hazim ya tambaye ni yadda gurbin yake, ni kuwa da ɗokin nuna ilimi na zayyana masa: uwar kifin ke share tsakuwa da wutsiya, wurin ya yi fari tas, ta binne ƙwan a ciki. Na ƙara da cewa ɗaya ya yi kaɗan. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce ashe ma abin ba wuya.

Ran Lahadi mun tafi rafin maƙwabta. Litinin da muka dawo, gurbi arba'in da biyu muka tarar, a jere reras kamar kunyar dankali. Ƙauye kaf na bakin ruwa, kowa da jiƙaƙƙen wando. Kawu na gaba, ya ɓoye manjagara a bayansa, ƙotarta ta fi kansa tsawo.

Dakta ta wuce ƙasan gada. Nan ma an gyara, don Kawu ya ga wurin a karkace. Ta sunkuya ta tsamo ƙwai uku a tafin hannu. Ƙwai mai rai launinsa ruwan lemo ne. Waɗannan sun yi fari.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

"To, Malama," in ji Kawu, "nawa kika samu? In bai isa ba, a ƙaro."

Ta dube ni. Kawuna ne, ni zan faɗa.

"Ɗaya ne, Kawu," na ce. "Har shekaranjiya."