Gurjiya Goma Sha Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, matan gida.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To, a wani ƙauye gabas da Dogo-Dogo akwai wata dattijuwa, Saratu, wadda gidan likita suka koya wa yin allurar hutun haihuwa, ta wata uku. Matan garin ba su karanta ranar da ke jikin kati, sai ta yi dabara. Duk wadda ta yi wa allura, sai ta ƙulla mata gurjiya goma sha uku a tsumma. Kowace Juma'a a cinye ɗaya. Ran da tsumma ya zama wayam, a dawo.

Cikinsu akwai Nasiba, wadda aka fiɗe a Magarya wajen haihuwar fari. Likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu, ɗinkin zai iya buɗewa. Mijinta Hamissou da kansa ya kawo ta wurin Saratu, sannan ya tafi cin rani Kano.

Ran nan hadari ya fara haɗuwa, sai ga Nasiba tana kaɗa tsumma tana dariya.

"Inna, na cinye su kaf. Mai gidan kuma jibi yana tafe, shuka ta kira shi."

Saratu ta buɗe akwatin allurarta, alhali ta san abin da ke ciki. Auduga ce kawai.

Washegari ta hau moto har gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya nuna mata kantar magani.

"Inna, dubi da idonki. Ko ƙwaya babu. Mun rubuta sama, ki leƙo Juma'a."

Ta dawo, ta rasa abin da za ta ba yarinyar. Sai ta ɗauko gurjiya ɗaya ta danƙa mata.

"Riƙe wannan, 'yar nan. Mako ɗaya ne."

Hamissou kuwa ɗan ƙawarta ne, a bayanta ya yi wayo. Ina bakin da za ta yi masa wannan magana? Da ya iso, ta dai tare shi bakin rijiya, ta kau da kai.

"Kai, zaure ya fi iska kwanan nan, ka riƙa kwana can."

"To, Inna," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Amma Juma'a ta zo ta wuce, gurjiya ɗaya ta zama shida. Sai a ta bakwai allura ta iso. Saratu ta aika a kira Nasiba. Yarinyar ta zo, ta ƙi zama, ta ajiye gurjiyar a kan akwati.

"Inna, bar allurarki. Ƙamshin miya ma ba na so."

Da hunturu ɗinkin ya buɗe, aka kai Nasiba Magarya, aka sake fiɗe ta. Ta rayu, yaron bai zo da rai ba, kuma likita ya ce ta gama haihuwa. Hamissou bai koma Kano ba, shi ke ɗebo mata ruwa. Saratu tana nan da akwatinta, wani wata da allura, wani wata babu.